Sawu a Kan Wayar Gilashi

Ranar Juma'a da hantsi, cikin watan Oktoba na 1998, aka iske an datse wayar gilashi a fadama, kilomita huɗu gabas da Haɗeja. Rami ne guda ɗaya a tsakiyar burtalin shanu, zurfinsa ya kai ƙugu, ƙasar da aka haƙo tana jibge a gefe. A can ƙasan ramin wayar take kwance, baƙa, kaurinta kamar babban yatsa, an raba ta gida biyu da zarto. Ba a ɗauki ko kamu ɗaya ba.

Wata biyar wani kamfani ya yi yana binne wayar nan. Babu tagulla a cikinta, waɗansu zaruruwa ne na gilashi sirara kamar gashi, waɗanda haske ke bi ta cikinsu ɗauke da saƙo. Kwana uku suka rage a miƙa aikin a sallami lebura.

Ja'afaru, shugaban lebura, shi ya gano ramin. Injiniya Abdulwahid, mai kula da tashar kamfanin, shi ya faɗi lokacin da aka yi ɓarnar. Ya ce tun ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis ya kunna gwaji, ya bar na'ura tana tura saƙo ta cikin wayar ba tsayawa, ya kulle ɗakin ya tafi gida. Da ya dawo Juma'a ƙarfe goma ya tarar da jar fitila. Na'urar ba ta rubuta lokaci, amma tana ƙirga yawan saƙon da ya wuce. Ya yi lissafi a takarda, ya samu awa biyu. Ke nan ƙarfe shida na yammacin Alhamis aka yanke.

Ƙarfe shida kuwa kowa ya san wanda ke bin wurin. Iliya ne, maigadin tashar, mutumin Kudancin Kaduna, wanda aikinsa ne kullum da yamma ya taka layin ya duba. Masu shinkafa uku sun gan shi a burtalin.

Kafin a kira sallar Juma'a an cika ƙofar tashar.

"Dama na faɗa," in ji Ja'afaru da ƙarfi. "Ka ɗauko mutum daga wata duniya ka ba shi gadin arzikin garinmu?"

"Shekarata goma sha ɗaya a garin nan," in ji Iliya.

Ba wanda ya saurare shi. Sufeton 'yan sanda ya sa masa ankwa, ya ce ranar Litinin za a wuce da shi Dutse. A lokacin nan na soja, laifin ɓarnata kayan sadarwa ba ƙaramin ɗauri ne da shi ba.

*

Ladi, matar Iliya, ba ta bi motar 'yan sanda ba. Gidan Baba Bakari ta nufa. Bakari tsohon mai bin sawu ne, Babarbare, wanda Fulani ke zuwa ɗauka tun daga Birniwa idan an kore musu shanu. Ta same shi a zaure yana ɗinke takalminsa.

"Maman Bitrus, zauna mana. Kin yi gudu."

"Ba zama ya kawo ni ba, Baba. Sun ce na'ura ta ce shi ne."

"Na'urar ta ambaci sunansa?"

"Ta ce ƙarfe shida."

"Shi kuma me ya ce?"

"Ya ce ya wuce ta wurin ƙarfe shida, ba rami ba komai."

Bakari ya ciji zare ya tsinke shi.

"Ni ban taɓa bin sawun haske ba, 'yata. Amma wanda ya haƙa ramin nan da ƙafa ya je. In an sauko daga masallaci zan leƙa."

*

Da ya isa, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu. Jama'a sun tattake kewayen ramin kaf, sawu kan sawu, har da na babur. Ya zaga sau biyu yana tsaki. Sannan idonsa ya tsaya a kan tsibin ƙasar da aka haƙo. Gefe ɗaya an hau shi, amma sauran yana nan yadda shebur ya zubar da shi.

Yana durƙushe ya ji ƙarar garke. Yelwa ne, makiyayin da ke bi da shanunsa ta burtalin nan, yana dawowa daga mashaya. Bakari ya miƙe ya ware hannuwa.

"Kai bawana, juya su! Kada saniya ɗaya ta tako nan."

"Wa nake ji haka? Babarbare ya sayi burtali ne?" in ji Yelwa yana dariya. "Ko gero ya ƙare ka zo kiwon rami?"

"In ka bar su suka wuce, da hannuna zan kai ka Dutse a madadin Iliya. Zo nan."

Yelwa ya kora shanun ta bayan kuka, ya dawo ya tsuguna.

"Yaushe kake wucewa ta nan?"

"Sau biyu kullum. Da safe in rana ta ɗan ɗaga mu tafi ruwa, da yamma dab da magariba mu dawo. Yau ne kawai na yi sauri saboda wata za ta haihu."

"Jiya da yamma ka ga rami?"

"Da akwai rami ai da ƙafar saniya ta faɗa, da duk Haɗeja ta ji muryata."

"Yau da safe fa?"

"Babu."

Bakari ya ɗauki wani ɓallin ƙwarya ya shiga janye ƙasar tsibin a hankali, kamar mai share gari daga dutsen niƙa. Ruwa bai daɗe da janyewa daga fadamar ba, saboda haka laka ce a ƙasa, mai riƙe duk abin da ya taka ta. Kofatai suka fara bayyana. Duka bakinsu yana duban kogi. A tsakaninsu ga kashin shanu, ɗanye shar.

"Naka ne?"

Yelwa ya leƙa. "Wannan mai karkataccen kofaton ai Goɗiya ce, uwar garke. Na safen nan ne."

Bakari ya ci gaba da sharewa. Sai hannunsa ya tsaya. A kan ɗaya daga cikin kofatan an ɗora sawun takalmin roba mai dogon wuya, irin wanda kamfanin ya raba wa ma'aikatansa duka. Amma a dunduniyar wannan akwai faci zagayayye, an yi shi da robar tayar keke, har zanen tayar ya fito a lakar.

Ya sa wuƙa ya yanko lakar da faɗin faifai, ya naɗe ta a rawaninsa.

"Abin da ka gani na ƙarshen nan, ka haɗiye shi," ya ce da Yelwa. "In mai takalmin ya ji, kogi zai jefa shi."

*

Asabar da safe ya fara da waɗanda gari ke zargi bayan Iliya. Ya je wurin mai gwangwan na bakin kasuwa, wanda aka taɓa kamawa da wayar tagulla.

Mutumin ya kwashe da dariya. "Baba, gilashi fa aka ce. In saya in kai wa wa? Ka duba ma, ɓarawon tagulla ba ya yanka sau ɗaya ya tafi. Sai ya yanka nan, ya yanka can, ya ja tsakiyar. Wannan da ya yi muku haka ya san abin da ke ciki."

Daga nan ya wuce gonar 'Yar'azumi, wata gwauruwa mai noman shinkafa. Lokacin da ake haƙa layin an fasa mata kunyar da ke tare ruwa, ta tsaya a gaban mutane ta rantse sai ta tone wayar.

"An ce kin yi rantsuwa."

"Na yi, kuma ban janye ba." Ta kafa lauje a ƙasa. "In gaya maka gaskiya, Bakari? Watan jiya na fita da fartanya. Rami uku na haƙa, ban ga ko igiya ba, bayana ya riƙe kwana biyar. Ruwa ya shafe alamar layin, su kuma ba su kafa duwatsun shaida ba tukuna. Wanda ya sauka a kanta da rami ɗaya, shi ya binne ta da hannunsa."

"Ko wanda yake takawa kullum."

"Iliya? Mutumin da ya taya ni gyara kunyar ranar Lahadi bayan ya fito daga coci? Ku dai ji tsoron Allah. Da ni na same ta, da rana tsaka zan yanke, in kira ku kallo."

*

Da azahar Bakari ya ja Sufeto da Injiniya Abdulwahid zuwa ramin. Ja'afaru ya biyo su a babur. Bakari ya nuna musu kofatan, ya yi bayani: da an haƙa ramin ƙarfe shida na Alhamis, da garke ya tattake tsibin sau biyu, da daddare da safe. Ƙasar nan a kan sawun safiyar Juma'a aka zuba ta.

Injiniya ya gyara tabarau.

"Baba, ina girmama ka. Amma na'urar nan daga ƙasar waje aka kawo ta. Kuɗinta ya fi na shanun Haɗeja duka. Kana so in rubuta wa manyana a Kano cewa kashin saniya ya ƙaryata ta?"

Ja'afaru ya yi dariya har da dukan tankin babur. "A kira saniyar ta zo kotu ta rantse!"

"Ni takarda nake kaiwa gaban alƙali," in ji Sufeto. "Injiniya ya ba ni lokaci a rubuce. Kai me za ka ba ni?"

"Yallaɓai, shekara arba'in ina bin ƙasa. Ta taɓa ɓoye mini, amma ba ta taɓa faɗa mini abin da bai faru ba. Ƙarfe shidan nan ba daidai ba ne."

"To na'ura ce ta yi ƙarya?"

"Ban ce ba. Ban ga sawunta ba tukuna. A nuna mini."

"Je ka gani," in ji Injiniya, yana murmushi. "In ka karanta, ka zo ka koya mini."

*

Laraba ce ta buɗe masa ɗakin. 'Yar Filato ce, ƙaramar ma'aikaciya, wata uku da fara aiki, ba a ma tabbatar da ita ba. Ba ta cika ɗaga kai in tana magana ba. Bakari ya cire takalmi a bakin ƙofa saboda sanyin ɗakin da tsabtarsa sun sa ya ji kamar asibiti.

"'Yata, ina sawun?"

Ta nuna masa fuskar kwamfuta. Akwai lamba a tsaye: 1,120,000.

"Wannan yawan saƙon da ya wuce kafin a yanke."

"Wancan rubutun na jikin akwatin ƙarfen fa?"

"Sunan layin ne, OC-3. Ma'anarsa yana gudun miliyan ɗari da hamsin da biyar a sakan ɗaya. In aka raba yawan saƙon da gudun layin, sai a samu tsawon lokacin."

"Miliyan ɗari da hamsin da biyar na mene ne?"

"Na bit. Ita ce ƙwayar saƙo mafi ƙanƙanta."

"Ita ma kwamfutar bit ɗin take ƙirgawa?"

"A'a, ita megabayit take nunawa, wato bayit miliyan…"

Takardar lissafin Injiniya tana kan tebur, an danne ta da kofi. Tun jiya ba ta kalle ta ba, an dai ce mata ƙarfe shida. Yanzu ta kalla. Ta daɗe tana kallo.

"Na ji sunaye biyu," in ji Bakari. "Abu ɗaya ne?"

"Ba ɗaya ba ne, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Bayit ɗaya, bit takwas ne a ƙunshe."

Bakari ya zauna a kan kujerar Injiniya ba tare da an ce ya zauna ba.

"Tsaya in gani ko na gane. Mai banda yana soka kifi takwas a tsinke ɗaya. Wani yana bakin kogi yana ƙirga kifi, wani yana kasuwa yana ƙirga tsinke. Injiniya ya ɗauki ƙirgen tsinke ya auna shi da gudun kifi."

"Haka ne."

"To in an gyara, ƙarfe nawa?"

Ta ɗauki biro. Ta raba ɗari da hamsin da biyar gida takwas, ta samu goma sha tara da ɗoriya. Ta raba babbar lambar da shi, ta mayar awa.

"Awa goma sha shida. Daga huɗun yammacin Alhamis… ƙarfe takwas na safiyar Juma'a." Ta ajiye biron. "Ƙarfe takwas ina tare da Baba Iliya a bayan ɗakin nan. Shi yake riƙe mini mazurari ina zuba wa janareta mai."

"Alhamdu lillahi. Sai ki faɗa."

"Ba zan iya ba." Hawaye ya taru a idonta. "Injiniya ya riga ya aika rahoto Kano da sa hannunsa. Shekararsa ashirin a aikin waya. Ni kuwa da bakinsa kawai zai sallame ni. Ƙannena biyu ni ke riƙe da makarantarsu."

"Je ki same shi shi kaɗai, ya gyara da kansa. Ba sai kowa ya ji ba."

Ta je da yamma. Abdulwahid bai bar ta ta kai ƙarshe ba. Ya ce tun tana goye yake haɗa layin tarho, ya ce in ta sake ɗaga maganar ta tattara kayanta. Da ta fito, ta iske Bakari zaune a gindin dalbejiya.

"Na ji," ya ce. "Ba zan matsa miki ba. Ni dai ranar Litinin motar nan ba za ta fita ba sai ta bi ta kaina."

*

Litinin da sassafe Ladi ta zo ƙofar tashar da tsintsiya da bokiti, kamar yadda Bakari ya umarce ta. Ta share mashigar tas, ta yayyafa ruwa har ƙasar ta yi laushi. Lebura suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya cikin takalmansu na roba, don an kira su aikin gyara. Bakari yana tsugune a gefe yana cin goro, idonsa a ƙasa.

Ƙarfe tara motar 'yan sanda ta shigo da Iliya a baya, Sufeto ya zo karɓar rahoton ƙarshe. Mutanen gari suka cika harabar. 'Yar'azumi ta zo, mai gwangwan ya zo, Yelwa ya bar shanunsa da ƙaninsa ya zo. Injiniya ya miƙa takarda, direba ya tayar da mota.

Bakari ya taka a hankali ya zauna a ƙasa, daidai gaban taya, ya miƙe ƙafafu.

"Baba, tashi," in ji Sufeto.

"Ba zan tashi ba."

"Zan sa a ɗauke ka."

"A ɗauke ni a haɗa da shi. A Dutse ma abin da zan faɗa ke nan. Da safe aka haƙa ramin nan."

"Tsufa ne," in ji Ja'afaru. "A ja shi gefe mana, rana na yi."

"Na'ura ta ce ƙarfe shida," in ji Injiniya. "Magana ta ƙare."

"Na'ura ba ta ce haka ba, Yallaɓai."

Kowa ya juya. Laraba ce a bakin ƙofar ɗakin, riƙe da guntun gawayi. Muryarta ba ta fita sosai ba, sai da ta maimaita.

"Koma ciki," in ji Abdulwahid. "Kin san abin da na gaya miki."

"Na sani, Yallaɓai. Na riga na tattara kayana."

Ta juya ga farin bangon tashar ta fara rubutu manya-manya. Ta rubuta lambar kwamfuta. Ta rubuta gudun layin. Ta ce wannan bayit ne, wancan bit ne, kuma ba a raba ɗaya da ɗaya sai an mayar da su abu guda. Da ta ga fuskokin mutane, sai ta kawo maganar kifi da tsinke. Nan take masunta suka fara gyaɗa kai.

"Awa biyun Injiniya daidai ne, in aka ninka sau takwas," ta ce. "Littafin na'urar yana kan tebur, shafi na tara. Sufeto ya duba da kansa."

Sufeto ya sa aka ɗauko littafin. Ya bi layin da yatsa, leɓɓansa na motsi. Ya ƙirga a yatsunsa daga huɗu na yamma, ya zagayo.

"Takwas na safe," ya ce. Ya dubi Injiniya. "Haka ne ko ba haka ba?"

Abdulwahid ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

"Ƙarfe takwas na Juma'a Baba Iliya yana tare da ni wajen janareta," in ji Laraba. "Na rubuta a littafin mai."

Sai a lokacin Bakari ya miƙe. Ya kwance rawaninsa ya ajiye busasshiyar lakar a kan bonet ɗin mota.

"Yanzu da saniya da na'ura sun yi baki ɗaya, ga sauran. Wannan daga ƙarƙashin tsibin na yanko shi, a gaban Yelwa. Ga kofaton safiyar Juma'a. Ga takalmi a kansa. Wanda ya taka nan ya zo bayan shanu, kafin a zuba ƙasa. Yallaɓai, dubi dunduniyar."

"Faci ne."

"To zo mu je bakin ƙofa."

Jama'a suka dare. A jiƙaƙƙiyar ƙasar da Ladi ta share, sawun takalma sun fi talatin. Bakari ya nuna ɗaya da sandarsa. Zagayayyen faci, da zanen tayar keke. Ya bi shi taku-taku cikin harabar, bai ɗaga kai ba, ya ratsa tsakanin lebura, har sandar ta tsaya a kan ƙafar Ja'afaru.

"Ɗaga mu gani."

"Ni na gano ramin! Dole sawuna ya kasance a wurin!"

"Na saman tsibin, i, wannan na zuwanka na biyu ne. Na ƙarƙashi fa? Ka ɗaga ƙasar ka taka ka mayar?"

Wani ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta. Ja'afaru ya dubi leburansa. Ba wanda ya dube shi.

"Ranar Alhamis ina Guri wajen suna, kowa ya sani," ya ce.

"Ba wanda ya tambaye ka Alhamis," in ji Sufeto. "Juma'a da safe kana ina?"

Ja'afaru ya zauna a kan buhun siminti. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauya.

"Mutum arba'in ne a ƙarƙashina. Yau za a sallame mu duka. Na ce in layin ya lalace za a riƙe mu wata guda ko biyu, a sake haƙa. Ban yi niyyar a kama kowa ba. Da Injiniya ya ce ƙarfe shida, sai na ga ai an ba ni hanya."

"Aka ba ka hanya ka bi ta kan mijina," in ji Ladi.

'Yar'azumi ta tofar da yawu. "Ga ɗan gari nan, mai kishin arzikinmu."

Sufeto ya ciro makulli ya nufi Iliya, wanda aka sauko da shi daga mota. Iliya ya janye hannuwansa.

"Dakata, Yallaɓai."

"Mene ne kuma? An wanke ka."

"Da baki aka ɗaure ni, a gaban mutanen nan." Ya juya ga Abdulwahid. "Injiniya, ranar Juma'a ka tsaya a kan dakalin can ka ce ƙarfe shida, har na bakin titi suka ji. Kwana uku 'ya'yana ba su fita ɗiban ruwa ba. Ka hau ka faɗi na gaskiyar."

"An samu ɗan kuskure a lissafi," in ji Abdulwahid a hankali.

"Ba a ji ba."

"Iliya, ya isa haka," in ji Sufeto.

"To a bar mini ankwar, mu tafi Dutse. Can zan tambaye shi."

Abdulwahid ya dubi rubutun gawayin da ke bango, ya dubi Sufeto, wanda ya riga ya zaro rahoton daga aljihu yana jujjuya shi. Ya taka ya hau dakalin.

"Ƙarfe takwas na safiyar Juma'a aka yanke," ya ce. "Ni na yi kuskure. Iliya ba shi da hannu."

"Wa ya gyara lissafin?"

Injiniya ya dubi inda take tsaye. "Laraba."

"A rubuta haka a takardar da za a aika Kano, da sunanta. Sufeto shaida ne."

"Za a rubuta," in ji Sufeto. "Ni ma zan sa hannu."

Sannan Iliya ya miƙa hannuwansa aka kwance.